Takardar Baba mai gicciye

Jiya ina ninke rigunan Baba, Allah ya jiƙansa, sai wata tsohuwar takarda ta faɗo, ga sunansa, ga gicciye a sama. Mutumin da ya shekara sittin a Makka?

Na tari tasi sai unguwar Kudai, a nan Makka, wajen amininsa Kawu Idi.

Yana ganin takardar ya yi dariya har da tari. "Ya binti, kwantar da hankalinki. Takardar makarantar maza ce ta wani Fada, limamin Kirista, a Sudan, zamanin Turawa, lokacin da iyayenmu suka yada zango a hanyar hajji. Da safe Turanci, da yamma Larabci. Duk wanda ya yi wani yare, sai sharar fili. Ubanki kuwa Hausa kaɗai ya iya, ga ƙyuyar shara. Shekara guda bai ce uffan ba. Shi ne Fada ya ba shi takardar yabo, wai ya fi kowa natsuwa."

"Baba? Da ba ya barin kowa ya kai ƙarshen zance?"

"Ramuwa yake yi, 'yata."

Na yi dariya har da hawaye. Wallahi da zai dawo ya katse ni sau ɗaya, ba zan yi ƙorafi ba. Ku fa, surutun wa kuke kewa?