Malam Tahiru Mai Rediyo da Ɗigon Ruwan da Na Raina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu 2024, bayan la'asar, maƙwabcina Adamu ya zo mini da labarin rasuwar Malam Tahiru, mai gyaran rediyo na bakin kasuwar Dole, a nan Damagaram. Ya yi jinyar kwana tara.

Malam Tahiru, shekara arba'in na san ka a rumfar nan. Kowace Alhamis manoman Gaffati da Gidimuni sukan jere rediyoyinsu a gabanka, wasu an ɗaure su da tsumma, ba ka taɓa ce wa mutum ya je ya yar da tasa ba. Kakan ajiye kusoshin kowace rediyo a gwangwanin tumatir nata na daban, abin da ya fara sa ni, mai tsananin son tsari, na yarda da kai. Na ga ranar da ka bar abincinka ya huce saboda wata tsohuwa daga Takieta tana son ta koma da rediyonta kafin motarsu ta tashi.

Amma ba yabo kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai haƙƙinka a kaina.

Shekara shida da suka wuce na kawo maka rediyon mahaifina, tsohuwa mai lampa, ƙananan kwalaben nan masu haske a cikinta, ƙirar Amurka, wadda ya sayo a Kano kafin a haife ni. Muryarta ta dishe. Ka buɗe bayanta, ka nuna mini wani ɗan pil, ƙaramin batir kamar maɓallin riga. Ka ce ba ya kunna komai, aikinsa kawai ya riƙe lampa ɗaya a daidai ma'auninta don murya ta fito tas; ka ce ya bushe ne, kuma an daina yin irinsa. Sai ka huda shi da allura, ka ɗiga masa ruwa, ka toshe ƙofar da kakin zuma.

Ni kuwa, da na koyar da kimiyya shekara talatin da huɗu a lakwal, makarantar boko inda ake kiran malami Mushe da Faransanci, na tashi tsaye. Na ce ruwa da lantarki ba sa haɗuwa, ko ɗan aji uku ya san haka. Na kira ka bokan rediyo a gaban mutanen da suka cika rumfar. Ba ka ɗaga murya ba. Ka ce, "Mushe Sha'ibu, ƙishirwa yake ji. Ba shi kwana biyu ya sha." Aka yi dariya, dariyar ta ƙara tunzura ni, na ɗauke rediyona na tafi.

Bayan mako guda na kunna ta a gida. Murya ta fito garau, kamar yadda nake jin ta ina yaro. Daga baya na bincika a littafi, na tarar irin wannan pil ɗin da danshi yake aiki, kuma abin da ka yi hanya ce da masana suka sani.

Ban koma ba. Abin da ya fi muni, da abokaina suka ji ta tana magana suka tambaya, sai na bar su suka ɗauka ni na gyara ɓarnarka. Na san malamai uku da suka daina kai maka aiki saboda maganata. Kai kuwa kullum na wuce sai ka miƙe ka ce, "Mushe, ina gajiya? Ya tsohuwarmu?" Ni kuma in ce lafiya, in ƙara sauri. Sau da yawa na tsara kalmomin neman gafara a raina, ina gyara su, ina jiran su yi daidai. Ranar Laraba na tsaya a sahu na biyu a jana'izarka.

Tunda a bainar jama'a na ɓata maka suna, a bainar jama'a nake faɗa: Malam Tahiru ne ya gyara rediyon nan. Shi ne da gaskiya, ni ne na jahilci abin.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa Hajiya Falmata, da 'yarsa Ummul Khairi, da sauran iyali da abokan sana'arsa. Allah Ya ba ku haƙuri. Shi ba zan ƙara samun sa ba, don haka ku nake roƙo ku yafe mini a madadinsa.

Allah Ya jiƙan Malam Tahiru, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya sa ya yafe mini tun kafin ya tafi. Amin.

Sha'ibu Habu, tsohon malamin lakwal, Birni, Damagaram