Ranar da Na Ƙaryata Kakana a Gaban Likita

Kakana dillalin shanu ne a kasuwar Mai'adua, irin mutanen da ko sa ya soke su a cinya sai su ɗaure da rawani su ƙarasa ciniki. A gidansa na Daura na tashi, kuma da yake ni jika ce, ni kaɗai nake gasa masa magana in kwana lafiya. Yana ce mini amarya, ina ce masa angon da ba ya cefane. 'Ya'yansa kuwa, har da mahaifina, ko ido ba sa iya haɗawa da shi.

Daga yatsu ciwon ya faro. Carbi ya riƙa suɓuce masa, maɓallin riga ya gagare shi, daga baya tafiya ta koma jan ƙafa. An sha rubutu, wanzami ya yi ƙaho, duk a banza. Daga Daura aka tura mu Katsina, daga can aka ce sai Kano. Hoto ya nuna ƙasusuwan wuyansa sun matse laka, wato jijiyar nan da ta sauko daga ƙwaƙwalwa ta bi ta gadon baya. In ba a buɗa mata hanya ba, wata rana zai kwanta ya kasa tashi.

Likitan da zai yi aikin ya zaunar da mu ya ce ana iya shiga ta gaban wuya, ana iya shiga ta ƙeya. Ya ce suna wani bincike, suna bibiyar duk wanda aka yi wa aikin don su gane wace hanya ta fi dacewa da masu irin wannan ciwo. Za su riƙa bugo waya, lokaci-lokaci kuma a kawo shi su duba. Kaka ya ce in dai abin zai amfani wani, bismillah.

Ta gaba aka yi masa, aka sa wani ɗan abu tsakanin ƙasusuwan. Da damina ta faɗi har masallacin Juma'a yake zuwa da ƙafarsa, muka yi ta godiya ga Allah. Bayan girbi ne na fara ganin abin da bai yi mini ba. Takalmi ya saɓule masa a tsakar gida, ya ci gaba da tafiya bai sani ba. Fura sai ya tallafi ƙwarya da hannu biyu ya kafa kai, ya daina taɓa ludayi. Wata rana na leƙa ɗakinsa da la'asar na tarar yana salla a zaune, ya turo ƙofa don kada a gani.

Wayata ake kira, don shi ba ya riƙe waya. Ina kara masa a kunne, ina jin likita yana tambayar hannu da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, amsar kuma ba ta canjawa.

"Da sauƙi, likita. Alhamdu lillahi. Allah ya saka da alheri."

Haka aka tarbiyyantar da mu duka. Ko mutum na kan gargara, in aka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Amma wata rana raina ya ɓaci. Ana kashe waya na ce, "Ango, wane sauƙi? Ludayi ma ya fi ƙarfinka."

Ya harare ni. "Ke yarinya ce. Bawan Allahn nan tun safe har azahar yana tsaye a kaina. Sai in buɗe baki in ce masa aikinsa bai yi ba? In kuma ce wa Ubangiji me, bayan ya tashe ni?"

Na je wurin mahaifina, ya ce, "So kike in ƙaryata ubana?" Na je wurin Baffa, ƙanensa, ya ce a ci gaba da addu'a. Na fahimci in na biye musu, kunya za ta kwantar da tsohon nan muna kallo. Na koma makarantar firamaren da nake koyarwa, na tsaya bayan aji na kira likita da kaina na faɗa masa abin da na gani. Ya ce a kawo shi ba tare da ɓata lokaci ba.

Kaka ya ce ba inda za shi, lafiyarsa lau. Ni kuma na ɗaura ɗamara. Na daina dama masa fura, na daina yi masa wasa, in na gaishe shi sai in tsaya ƙerere a bakin ƙofa ina kallon ƙafarsa. Da ya gaji ya ce a nemo mota, zai je don kawai ya ba ni kunya.

A ɗakin likita ya zauna ƙyam cikin babbar riga, ya cusa hannuwa a ciki. Baffa na gefe, kai a sunkuye. Likita ya ce, "Baba, yaya jiki?"

"Da sauƙi ƙwarai."

Na ce, "Likita, angon nan nawa ƙarya yake yi. A ce ya ɓalla maɓallin rigarsa."

 Ko a wasan jika da kaka akwai iyaka, na kuma san na tsallake ta, a gaban baƙo. Baffa ya ce, "Ke!" Kaka bai ko dube ni ba. Ya zaro hannu ya kai wuyan riga, yatsun suka yi ta lalube a kan maɓalli, suka kasa. Na kawar da kai don kada ya ga hawayena.

Likita ya jawo kujera kusa da shi. Ya ce, "Baba, ba yabo nake nema ba. Abin da kuka faɗa mana, da shi muke yanke yadda za mu yi wa na bayanku. In ka ce da sauƙi alhali babu, gobe wani dattijo zai zo, mu ce ai mun ga wannan hanya ta yi wa wane kyau."

 Kaka mutum ne da a kasuwa in ya ce saniya lafiyayya ce ba a sake duba ta, kuma a lokacin maganar shari'a ce a bakin kowa. Can ya ce a hankali, "Ashe shaidar zur nake ta yi." Daga nan ya fara lissafi da bakinsa: ƙafar da ba ya ji, fitsarin da yake riƙe masa, faɗuwar da ya yi a makewayi bai gaya wa kowa ba. Wannan ta ƙarshe ko ni ban sani ba.

Sabon hoto ya nuna ɗan abin da aka sa tsakanin ƙasusuwan ya goce, ya sake danne lakar. Likita ya ce hakan kan faru. Aka sake aiki, wannan karon ta ƙeya. Ƙafafu suka dawo, ya koma salla a tsaye. Hannun dama kuwa bai dawo ba, an makara.

Muka koma Daura ba ya yi mini magana. In na gaishe shi sai ya amsa kamar yadda yake amsa wa 'yar maƙwabta. Abin ya yi mini ciwo sosai, amma ban ba shi haƙuri ba, don ban ga laifina ba.

Ranar da waya ta sake shigowa, wata Juma'a ce da hantsi, yana shirin masallaci. Na kara masa a kunne.

"Likita, ƙafa da sauƙi, wannan gaskiya ne. Hannun dama babu sauƙi ko kaɗan. Ku sa shi a cikin binciken naku yadda na faɗa."

Na kashe wayar na juya zan fita. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Amarya, zo ki ɓalla mini maɓallin nan."

Ni na riƙa ɓalla masa shi kowace Juma'a har Allah ya karɓi abinsa.