Sulken da Na Ɗinka da Fasassun Ƙore

Ina aji biyu a jami'a a Dutsin-Ma ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ta ɗauko wani labari da ba a saba gani ba. Wai mutane ne suka bar duniyar nan bayan ta lalace, suka tare a wata tauraruwa, suna yaƙi a kan rijiya ɗaya tak. Ni aka ba matsayin shugabar mayaƙa. Wata biyu na yi ina haddar maganganuna, ko a layin ɗibar ruwa ina ba da umarni a zuci. Ban taɓa son wani abu a makarantar nan kamar yadda na so wannan matsayi ba.

Daraktanmu ɗan aji huɗu ne mai gilashi, irin mutanen nan da ba su yarda ana yin abin kirki kusa da gida ba. Wata rana bayan atisaye ya nuna mana hotunan sulken roba a wayarsa, farare fat suna ƙyalli, ya ce daga Legas za a aiko. Na maza ba laifi. Da ya zo kan nawa sai kunya ta kama ni, haushi ya biyo baya. An matse shi a ƙugu, an fitar masa da surar ƙirji kamar da gayya.

"Ba zan sa wannan ba," na ce.

"Haka ake yin na mata a ko'ina," in ji shi. "In ba ki sa ba, akwai wadda za ta sa."

"Zan yi nawa."

"Kin taɓa yi?"

"Ban taɓa ba."

Ya ba ni sati uku. Ranar atisayen ƙarshe, in ban zo da abin da zai tsaya kusa da nasu ba, za a ba wata matsayina.

Da kwalin sabulu na fara. Na yanka, na manna, na shafa masa fenti ruwan azurfa, na sa ina taƙama a ɗaki. Zafin Dutsin-Ma kuwa ba ya wasa da kowa. Kafin a jima zufa ta jiƙa shi, kafaɗun suka langaɓe kamar kunnen tunkiya, 'yan ɗakinmu suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Wani mai walda ya ce zai yi mini na kwano, na tambaye shi ko gasa ni yake so ya yi. Ina dawowa daga wurinsa na ga mai fura a bakin ƙofar makaranta ta kifa ƙwaryarta, na tsaya ina kallon yadda bayanta ya lanƙwasa daidai kafaɗar mutum. Ba nauyi, kuma zufa ba za ta yi wa ƙwarya komai ba.

Ranar kasuwa na sayo sababbin ƙore shida. Ta farko da na sa wa wuƙa ta tsage har gindi. A nan na tuna da Kawu, yayan mahaifiyata da ke Rawayau, wanda gyartai ne, sana'arsa ɗinke ƙwaryar da ta fashe. Ranar Asabar na hau mota zuwa Kurfi, daga nan na ɗauki babur, buhun ƙore a cinyata.

Na same shi a gindin bishiyar bedi, da basillarsa da bokitin ruwa, ba aiki a gabansa, don tun da roba ta shigo ba kowa ke kawo gyara ba. Bayan mun gaisa na nuna masa zanena, na zazzage buhun, na ce ina so ya yanka mini su gida-gida. Ya ɗauki ɗaya ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya ajiye.

"Wagga lahiyarta lau. Mi ta yi maki?"

"Kawu, ai don aikin na saye su."

"Ɗiyata, ni gyara nika yi. Tun da nike ban taɓa hwasa mai lahiya ba, ba kuwa zan hwara yau ba."

Na yi magiya, na yi fushi, na ce masa saura kwana goma sha biyu. Ko a jikinsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na tsere wa taurin kan darakta na faɗo kan wanda ya fi shi. Daga baya sai ya ce in shiga gari, kowane gida akwai fasasshiyar ƙwarya a bayan rumbu.

Haka na bi gida-gida da buhuna, ina ba da sabuwa ina karɓar fasassu. Matan garin suka samu abin yi. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Boko dai! A kawo maki sabuwa a amshi tsohuwa?" Wata ta ce in dai haka ake karatun, a sa mata suna ita ma. Na tara goma sha huɗu, wasu sun yi baƙi da hayaƙi, wasu suna ƙanshin daddawa.

Kawu ya zuba su a ruwa suka jiƙa, ya ce busasshiyar ƙwarya ba ta karɓar basilla. Ba ya tilasta wa yanki ya zama abin da ba shi ba. Sai ya juya shi a hannu, ya ɗora mini a kafaɗa ko a hannu, ya ga inda ya zauna da kansa. Kafaɗa ɗaya kawai ya ɗinka, da siririyar kaba, yana huda nesa kaɗan da bakin tsagar. Sannan ya miƙo mini basillar.

"Ke za ki sa, ke za ki ɗinka."

Asabar biyu na yi a wurinsa, har da ta farkon. Yatsuna duk suka huje, ɗinkina ya karkace, sau uku yana sa ni in warware. A ƙarshe na samu kafaɗu, da faffaɗan ƙirji mai sauka har ciki, da na hannuwa, da kwalkwalin da ke zama a kan ɗankwali. Na shafa fenti, amma kabar ta ƙi sha, ɗinkin ya fito fili. Na bar shi haka, na ɗora a kan doguwar baƙar riga.

Ranar atisayen ƙarshe ina shiga zauren aka fashe da dariya. Mazan suna tsaye cikin farar robarsu, wadda za ta maye gurbina kuma tana gefe riƙe da sulken Legas a leda. Wani ya tambaya ko da nono za a sha ni. Darakta ya zagaye ni yana murmushi.

"Ƙwarya dai ta bi ƙwarya," ya ce.

Ban yi niyyar fita ba. Na ce a yi wurin faɗan, a gani. Abokin karawata ya ɗauki takobin katako, muka fara. Sara na uku ya same ni a kafaɗar hagu, na ji ƙas, ƙwaryar ta tsage.

"Kin gani ko?" in ji darakta, ya juya wajen yarinyar.

Na zauna a tsakiyar dandamali, na kwance kafaɗar, na karɓi ruwan leda a hannun wata na jiƙa ta. Na zaro basilla da kaba daga aljihu. Na huda nesa kaɗan da bakin tsagar, na ja, na sake hudawa. Dariyar ta ragu har ta ɗauke. Ɗaya daga cikin mazan ya matso ya tsuguna, ya tambaye ni a ina na koya.

"Wurin kawuna. Gyartai ne a Rawayau."

Na ɗaure, na ciji ragowar kabar na tofar, na mayar da kafaɗar. Ban tambayi kowa izini ba, na taka zuwa gaban mayaƙan na tsaya a kan alamar alli, inda shugaba ke tsayawa. Darakta ya daɗe yana kallona, ni ma ban sauke ido ba. Yarinyar ta ajiye ledarta a kan benci ta zauna.

Ya buɗe takardarsa, ya gyara gilashi.

"Daga farko," ya ce. "Shugaba, ke ce da magana."