Goggon Lambu Ta Ajiye Kwando

Tun rana ba ta gama buɗe ido ba, Goggon Lambu tana cikin shukarta, raɓa na jiƙa mata bakin zane. A hankali take ratsa alayyafo da karas, kamar mai gudun tada jariri daga barci. Ta shafa ganye nan, ta shinshina ƙasa can. Waɗanda suka taɓa raka ta sun ce har hira take yi da tumatir: "Yau ma ba ka nuna ba? To, huta abinka, ba mai korarka."

Daga nan sai cika kwanduna, kowanne da gidan da ke jiransa. Ita ta kawo wa unguwa wannan tsari: gidaje su haɗa hannu tun lokacin shuka, ita ta noma, abin da ƙasa ta bayar kowane mako a raba. Ba ta tsaya a kanta ba. Ta jawo mai zuma, ta jawo matar da ke tatsar madara, da wani tsoho mai kiwon kaji. In ka buɗe kwandonka, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ke fara gaishe ka, sai ka ji kamar lambun ne ya tako har cikin ɗakin girki.

Sai shekarar ƙanƙara ta zo. Da rana tsaka sama ta yi duhu, kafin a ankara komai ya kwanta, kabeji ya yayyage kamar tsumma. Goggo ta daɗe tsaye tana kallo, ƙanƙarar na narkewa a ƙafafunta. Gumin wata da watanni ke nan, kuma abincin gidajen da suka yarda da ita. Washegari ta ɗauki kwando wayam ta fara bi gida-gida, da niyyar ta ba da haƙuri ta bar aikin.

Malamar makaranta ce ta fara buɗe mata ƙofa.

"Malama, bana na ba ku kunya," in ji Goggo. "Ku nemi wani."

"Haba Goggo! Da ana ɗiba lafiya tare muka ci. Don an yi asara sai ta zama taki ke kaɗai? Yaushe za a sake shuka?"

Tela na maƙwabtaka ya leƙo: "Ni dai ban san kan fartanya ba, amma in layi ne, na iya miƙar da shi."

Ƙarshen makon nan lambun ya cika da mutane. Tela ya jera iri kamar ɗinki. Wani direba ya tumɓuke albasar da ta tsira yana zaton ciyawa ce, Goggo ta yi dariya har da hawaye. Bayan 'yan makonni kore ya sake rufe ƙasa.

Goggo, ke ce kika sa yaranmu suka san cewa karas daga ƙasa yake fitowa, ba daga leda ba. Ke ce mai hannun albarka, wadda ta haɗa mai shuka da mai girki har suka san fuskar juna.

Yanzu gwiwoyi sun ce a huta. 'Yarta ta karɓi aikin, ita kuwa tana zaune a inuwa tana ware iri, tana gyara wa kowa kuskure daga nesa.

Mun gode, Goggo. Allah ya ƙara lafiya, ya sa ki ci moriyar hutunki. Ku kuma masu karatu, akwai irinta kusa da ku, a bayan gari ko a ƙarshen layinku. Ku neme ta tun tana da ƙarfin sunkuyawa. Ku sayi nata, ku tambaye ta ya gajiya, kuma ranar da sama ta juya mata baya, ku zo da fartanya.