Ruwan allurar Inna a gindin randa

Inna ta daɗe da ciwon suga kafin ta yarda ta bar ƙauyenmu na wajen Kiyawa ta dawo wurina a Dutse. Autanmu ne yake kawo mata ruwan allura. Da yake wuta ba ta zama a unguwarmu, likita ya ce mini in riƙa ajiye kwalaben a gindin randa, cikin jiƙaƙƙen yashi, don zafi yana kashe maganin. Ita Inna ta ga dai a nan ake ajiyewa.

Da Auta ya zo Babbar Sallah, muna cin tuwo na tambaye shi wane irin aiki ne yake hana shi yawan zuwa gida. Ya ce a ɗakin gwaje-gwaje suke rainon wasu ƙwayoyin halitta, irin waɗanda ke daidaita suga a jini. Suna neman yadda za su yi ƙwari, su daina mutuwa da wuri, don wata rana a dasa wa masu ciwon su huta da allura.

"Daga jikin wa ake ciro su?" in ji Inna.

Ya ce, "Alade, Inna."

Ta tsame hannunta daga kwano. "Wannan da kake kawo min fa?"

"Wallahi babu ruwansa da alade."

"Har da rantsuwa, malam likita? Ai ban ce ka yi ƙarya ba."

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Kafin ya tafi sai da ya sa ta yi masa alkawarin ba za ta bar allura ba.

Daga ranar ta karɓe kwalaben, ta ce ita za ta riƙa kula da kayanta. Bayan 'yan makonni ƙishirwa ta dawo mata, ta fara ramewa. Na zargi ta daina yi ne. Na riƙa laɓewa a bakin labule da safe, sai in ga ta ɗaga gefen riga, ta yi bisimilla, ta soka. Na koma zargin tana shan zuma a ɓoye, na bincike ƙarƙashin katifarta. Har Auta ban ƙyale ba, na ce ko jabu aka sayar masa. Ita kuma in na miƙa mata ruwa sai ta duba cikin moɗar kafin ta sha.

Ranar da ta faɗi, a-daidaita-sahu muka ɗauka zuwa asibiti. Ba ta dawo ba.

Bayan sadakar bakwai muna haɗa kayanta, na hango gwangwanin madara a saman katanga, dab da kwanon rufi, inda hannu ba ya iya taɓawa da rana saboda zafi. Kwalaben suna ciki, a naɗe da tsumma. Maƙwabciyarmu, wadda suke hira da ita kullum, ta ce Inna ta taɓa gaya mata ita za ta cika wa ɗanta alkawari, amma abin da take shakka ba zai zauna kusa da ruwan sha da na alwalar mutane ba.

Likita ya ce ba zai iya rantsewa zafin ne ya kashe maganin ba. Kwana ne ya ƙare, na sani.

Kwanan baya Auta ya kira, ya ce ƙwayoyin nasu sun fara jimawa a raye. Na ce Allah ya sa albarka. Ya tambaya ko akwai ragowar maganin Inna, a ba wani mai bukata. Na ce babu mai kyau. Bai tambayi dalili ba.