Matar da Ta Kawo Shingenta Ofis

A ofishin ba da izinin kiwon namun daji a birnin Lyon na Faransa, kowa na rungume da takardu, ban da matar da ke gabana a layi. Ita guntun ragar ƙarfe ne naɗe a hammatarta. Gajeruwa ce, za ta yi shekara arba'in, laka ta bushe a kan takalmanta na roba. Bayan hannayenta duk tabo ne, irin na wanda ya ja shinge da kansa.

Salularta ta yi ƙara, sai ga Hausar Maraɗi tsantsa. "Baba, sau uku ke nan suna maido mini takarduna, wai ramukan shingen sun yi faɗi. In wata ya ƙare ba izini, mai barewar da zan saya, wani zai sayar wa. Yau da idonsu za su gani."

Ina jin ɗiyar mafarauci ce, tana son kiwata abin da ubanta ya yi ta harbi har dawa ta ƙare. Wataƙila kuma ba haka ba ne.

Layi ya zo kanta. Ta warware ragar a kan teburin ma'aikacin, ta zaro ma'auni daga aljihu, ta miƙa masa.

"Madam, sai nan da wata biyu mai bincike zai je gonarki," in ji shi da Faransanci.

"Ya je. Amma kai fara aunawa."

Ya dube ta, ya dubi tsawon layin. Hannunta na nan a miƙe. Ya karɓi ma'aunin.