Zakaran Baba da Kifin Tabki

Jiya jikata ta ɗora romon tarwaɗa, ƙamshin daddawa da kimba ya cika gida, sai Baba ya faɗo mini a rai.

Shi ne sarkin ruwan ƙauyenmu, yamma da Gumel, ba a daɗe da zuwan Turawa ba. A shekarar yunwa mutane suka kwashe kifin tabkinmu, har gaiwar cikin laka sai da aka tono. Baba ya hana kamu, ko na kaiwa kasuwa ne, ko na marmari, sai bayan damina biyu. Maganarsa kullum ita ce, "A bar tabki ya haihu."

Lokacin ina wankan jego a gida, ba abin da raina ke so sai kifi. Inna ta ce masa, "Malam, guda ɗaya tak. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni."

Ya fita ya yanka zakaransa, wanda ke tashinsa da asuba. Na sha romon ina kumbure-kumbure, shi kuwa yana bakin ƙofa yana jan carbi.

Bai kai ranar da aka buɗe tabkin ba. Tarwaɗar jiya daga can aka kamo ta. Allah ya shayar da Baba ruwan Alkausara.